Ruwan Wankin Buroshi

Ɗazu na ɗaga gwangwani zan watsar da ruwan wankin buroshi, sai hannuna ya tsaya. Na tuna marigayi malaminmu na zane.

A shekarun fari ya kai mu gonakin Watari koyon zane. Muna jiƙa fenti a inuwar kuka, sai ga mai gonar yana huci: "Malam, gerona na ƙonewa, kuna wasa da ruwa?"

"Gaskiyarka, Baba," in ji Malam. Ya tattara gwangwanayenmu, ya durƙusa ya tsiyaye ruwan a gindin gero ɗaya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Tsohon ya nuna geron, ya ce, "To, ku zana mini wannan."

Allah ya shayar da kai, Malam, ranar da ƙishirwa za ta kama kowa.