Ranar da Jan Birona Ya Ɓace

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da littafin laifuffuka a wani ƙaramin gidan gyaran hali da ke yankinmu na Tambuwal, kuma ban taɓa rubuta laifi da shuɗin biro ba. Ƙa'ida ta ce da ja ake rubutawa, ni kuwa ba na jayayya da ƙa'ida.

Cikin fursunonin akwai wani makiyayi mutumin Kebbe, wanda idan ransa ya ɓaci sai ya ji wa hannunsa ciwo. Wata Hajiya, ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa, takan zo duk Laraba ta zauna da shi da wasu masu irin lalurarsa. Sharaɗin shi ne, duk wanda ya shiga littafina sau uku, an cire shi daga zaman. Shi ya riga ya shiga sau biyu: ya zagi ganduroba, sannan an kama shi yana kiwon ɗan tsako cikin hularsa.

Wata Alhamis da hantsi jan birona ya ɓace. Na zazzage durowa, na tuhumi duk wanda ya taɓa yi mini sallama, har da liman. A rana ta huɗu ganduroba ya shigo da makiyayin, hannunsa jawur har gwiwa. Na miƙe zan kira mai magani. Da na duba sosai, ashe ba jini ba ne. Shanu ne aka zana da jan biro, layi-layi, kowace da ƙahonta.

"Malam, ni na ɗauke shi," in ji makiyayin. "Hajiya ta ce in abin ya taso min, in yi zane bisa hannu, kar in yi ciwo. Kwana fuɗu ke nan ban taɓa kaina ba."

"To, ba sai ka roƙa ba?"

"Kai? Da ko ƙuda ba ka bari ya sauka bisa teburinka?"

Na nuna wata mai ƙaton ciki. "Wannan saniyar fa, me ya same ta?"

"Wagga ba saniya ba ta, Malam. Kai na."

Ganduroba ya ce sata ce, a rubuta, na uku ke nan. Na buɗe littafi cikin fushi, na dangwala biron. Ko ɗigo bai fito ba. Shanu sun shanye tawadar. Ganduroba ya miƙo mini nasa shuɗi.

Na dubi hannun makiyayin, babu sabon rauni ko ɗaya. Sannan na yi wa ganduroba faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba, a kan neman sa ni karya ƙa'ida. Na rubuta takardar neman sabon jan biro zuwa Sakkwato. Kafin ya iso, wa'adin shigar da laifin ya daɗe da wucewa.

Biro biyu aka aiko. Na damƙa wa Hajiya ɗaya don makiyayin, bayan ta sa hannu. Makiyayin bai rasa Laraba ko ɗaya ba har aka sallame shi. Sai dai har yau ina nan a kan bakana: cikina bai kai yadda ya zana shi ba.