Manyanmu na Cikin Taɓo

Duk unguwar Gyadi-Gyadi babu wanda ya kai ni riƙe tatsuniya. In na so, sai in maimaita maka wadda aka yi ina cikin zanin goyo, har da tarin da aka yi a tsakiya.

Kakarmu, Inna Delu, bayan magariba take zaunar da mu a bakin murhu, tana tuƙa tuwo tana magana. Bayan gidanmu akwai kududdufi mai baƙin taɓo, kullum yana fitar da kumfa mai wari. Ran da na toshe hanci, sai ta ce, "Kai ja'iri, gaishe su za ka yi. Manyanka ne a ciki."

Ta ce kafin Allah ya yi ganye, rana fitowa take ta faɗi a banza, ba mai cin ta. Sai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu a ƙasan ruwa, suna lasar tururin da ke fita daga tsagar dutse. "Kumfa ɗaya, su dubu a kanta, kuma ba wanda ya yi ƙorafi." Haka suka riƙe duniya da ƙyar, shekaru ba adadi. Rannan wani ɗansu ya taso sama ya koyi cin hasken rana. Ya yi kore, ya yi ƙiba, ya cika ruwa. Numfashinsa kuwa guba ne gare su, dole suka nutse cikin taɓo.

Wani maƙwabcinmu ɗan jihar Filato, malamin kimiyya, ya taɓa ce mini kusan haka yake a littafi. Na shekara ina burga da wannan.

Zamanin soja, bayan rasuwar Baba, babbar yayata Ladi ce ta riƙe mu da kaskon ƙosai a ƙofar zaure. Da mudun wake ta ciyar da mutum tara, ta kai ni makaranta. Da farar hula suka dawo, na zama ɗan gaban goshin wani kansila a Tarauni. Na yi tumbin da yake riga ni shiga ɗaki. Baƙi suka fara zuwa, hayaƙin suya na kama musu manyan riguna, sai na mai da zauren ofis, na tura kaskon Yaya lungun baya, bakin kududdufi, inda ba mai wucewa. Ciniki ya mutu. Kansilan ya faɗi zaɓe, ofis ya zama ɗakin kaji, amma ban taɓa ce mata ta dawo ƙofar zaure ba.

Bara na tara jikokin Yaya ina ba su tatsuniyar, kalma-kalma. Tana bakin murhu, ta saurara har na gama.

"Ka riƙe ta kam, Sabo," ta ce. "Sai dai har yau ba ka tambayi ko waye koren ba."