Ƙasar da Inna ta shanya mini

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin fetur suka fara ruɗa ƙasar nan, ina ajin ƙarshe a jami'a, malamina ya ba ni aikin da sai da shi zan fita. Akwai wani danƙo a jikin 'ya'yan itace da ɓawon rama, ana ce masa pektin. Wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa suna fitar da sinadarin da ke narkar da shi, masana'antun ruwan lemo da masaƙu kuwa daga waje suke sayo sinadarin. Aikina shi ne in nemo irin waɗannan ƙwayoyi a ƙasarmu, in kuma faɗi takamaiman inda na same su.

Na zo gida hutun kaka na hau keken yayana. Na ɗebi ƙasa a gindin wani tsohon mangwaro a Pauwa, na je Damari na ɗebo inda masu lemo ke zubar da ruɓaɓɓe. Wadda na fi sa wa rai ita ce ta Tafoki, taɓon kududdufin da kawuna ke jiƙa rama kafin a saɓe ta a yi igiya. Ina tsugune ina cika leda ya tsaya a kaina.

"Kai, mi kake nema cikin taɓo?"

Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Allah Shi sa man ya yi yawa." Kafin la'asar duk Tafoki ta ji an ga fetur a kududdufin Kawu.

Na kai ledojin gida, kowace da sunan garinta, na tura ƙarƙashin gado don su riƙe danshinsu. Washegari na dawo daga kasuwa, ina shiga tsakar gida na ga tabarma a rana. Mahaifiyata ta juye su duka wuri guda, ta baza, ta farfasa curin da muciya, har ta tsince ganyayen. Ledojin kuma ta wanke su tas, suna rataye a igiya. Inna mace ce da ba ta ganin abu mai danshi ta ƙyale, ko kuɓewa ce ko takalmi.

Na ce, "Inna, kin kashe ni!"

Ta ce, "Kashe ka? Ɗakin ga wari ya ɗauka. Ba don na shanya ba, da ta ruɓe."

"Inna, ai ruɓar nake nema!"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan karatu naka dai, Allah Shi kyauta." Ta kori kaza daga kan digirina, ta koma girkinta.

Wallahi ranar na ji kamar in yi ihu, amma wa zai yi wa mahaifiyarsa ihu a kan ƙasa? Na sake hawa keke zuwa Tafoki. Na tarar Kawu ya kewaye kududdufin da ƙaya. Ya ce shi ba rowa yake ba, amma arzikin gado ne, in fetur ɗin ake so a turo gwamnati su yi magana. Na rantse, na roƙa, ko cokali ɗaya ya hana. Hutu kuma ya ƙare. Na kwashe shanyar Inna a gwangwani, na kama hanyar makaranta ina cizon yatsa.

A ɗakin gwaji na shuka ta a faranti mai pektin, don dai a ce na yi. Rana ta kashe mafi yawan ƙwayoyin, sai masu taurin rai suka tsira. A cikinsu guda ɗaya ta cinye pektin ɗin da ke kewaye da ita, ta bar fili fes mai faɗi. Malamina ya ɗaga farantin, murna ta kama shi.

"Wannan ita ce! Daga ina ta fito? Mu koma mu ƙara ɗebowa."

Na ce, "Daga tabarmar mahaifiyata, Malam."

Bai yi dariya ba. Na fita da digiri, amma ya zabge mini maki, aikin kuma ya ƙi aika shi a buga, ya ce ba a buga binciken da bai san garinsu ba.

Tun da ni ma na zama malami, duk ɗalibin da na tura ɗiban ƙasa, kafin in koya masa komai sai na ce ya fara yi wa matan gidansu bayani. Ni dai har yau ban san ko ƙwayar nan 'yar Pauwa ce, ko Damari, ko Tafoki ba, kuma abin yana ci mini rai. Inna kuwa har ta bar duniya, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa hotona da rigar digiri, ta ce, "Ni na shanya mashi."