Faifan Ƙofa Marar Ƙofa

Jama'a, yau zanena ya koma baya ya bar ni a gaba.

Na zana wa Malam Sabo, mai walda a garin Ƙofa, faifan ƙarfen da zai haɗa bututu da injin ban-ruwana. A kwamfuta na ja layin da ke jera matakan zanen baya don in ƙara wa faifan kauri, sai ƙofofin da na riga na huda suka ɓuya. Ashe ban mayar da layin ba na buga takardar.

Ɗazu ya kawo faifan sumul, babu ƙofar ruwa, babu ta noti. Tumatirina kuwa kwana uku ba ruwa.

Na ce, "Malam, ina ƙofofin?"

Ya ce, "Injiniya, ni ma na yi mamaki. Sai na ce mai digiri ya fi ni sanin inda ruwa zai bi."