Ranar da Muka Hana Jirgi Leƙa Gidan Mai Jego

Har gobe ban mantawa da wata Asabar a Aliero, bayan an cire albasa, lokacin da bukukuwa ke yawa. Ku da kunka shigo aikin nan bayanmu, ku saurara.

Ni ce mai ɗaukar hoton ɓangaren mata, inda namiji bai shiga. Oga Bashar, mai shagonmu na Jega, shi ke tuƙa ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama. Jirgin da dokarsa ya zo daga kamfani: kusa da filin jirgin sama ko leƙe bai yi. Akwai kuma talalar da Oga ke sa masa a waya. In ya kai iyakar, sai ya tsaya cik a sama kamar ya ci karo da bango. Ranar an ɗaure shi iyakar filin da maza ke zaune.

Ina cikin gidan amarya, ɗiyata Nana a bayana, wata uku da haihuwarta, na hango hayaƙi ta kan katangar maƙwabta. Na leƙa. Ruwa ne ke tafasa a tukunya, ga ganyen darbejiya a gefe. Mai jego za ta yi wankan la'asar, kuma makewayin unguwar duk babu rufi. Ni ma ban daɗe da gama nawa ba.

Na fito na iske yayan ango, Alhaji Sani, tsaye kan Oga, wai a kwance talala jirgi ya bi amarya tun daga ƙofar ɗakinta. Oga har ya buɗe wayar.

Ban saba magana gaban maza ba, ga tsoron a ce na ɓata ma shago ciniki a sallame ni. Duk da haka na ce, “Oga, akwai mai jego bayan katangar can, yanzu za ta shiga wanka.”

Alhaji ya yi tsaki ya ce in an ɗauka ai sai a goge.

Na ce, “Alhaji, a waya ake gogewa. Ita da ta ɗaga kai ta gan shi bisa kanta fa?”

Oga ya dube ni, ya dubi Nana, ya tura wayar aljihu. Ya ce ma Alhaji jirgi bai wuce filin nan. Alhaji ya yi ta faɗa, ya rantse ba mu ƙara yi ma danginsu aiki, kuma bai yi kaffara ba.

Ni na bi amarya da ƙafa na ɗauko fitowarta, Nana na barci. A mota Oga ya ce daga yau, kafin jirgi ya tashi a kowace unguwa, ni zan fara shiga gidaje in dubo. Haka muke yi har yanzu.

Abin da na koya: masu ƙera jirgi sun san inda manya ke gudun a leƙa, amma ba su san makewayin Aliero ba. Wannan iyakar mu ke sa ta. Matar nan ta yi wankanta ta gama, ba ta ma san an yi ba.