Turmi Biyu a Kife

Ni tela ne, kuma ko a cikin teloli ni na gida ne. Kekena a zaure yake, daga zaure sai tsakar gida, sai masallaci. Na daɗe a sunkuye kan keke har bayana ya koma kamar faifai, ba nama sai ƙashi. Ban taɓa damuwa ba sai da Baba ya kwanta.

A gona can Maruta, ƙasar Gwaram, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti na ce ba zai koma Gwaram ba, a wurina zai zauna a Birnin Kudu. Faɗa da baki ba wuya. Baba kuwa ƙato ne, jikin noma. Ranar da na fara gwada ɗaga shi daga gado zuwa banɗaki, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, muka zube kan katifa tare. Matata ba dama, matar ɗa ba ta taɓa jikin suruki. Sai na riƙa kiran maƙwabta.

Suna zuwa da zuciya ɗaya, Allah ya saka musu. Amma mutumin da ko hula ba ya cirewa gaban baƙo, yau ga ƙattin unguwa suna kwance masa mazagi. Sai ya rage cin abinci. A kawo kunu, ya kurɓa kaɗan ya kau da kai, "Na ƙoshi." Ruwa ma sai da lallashi. Na gane dabararsa: in bai ci ba, ba sai an ɗaga shi ba.

Akwai wani mai walda a bakin titinmu, mutumin Jos, ni nake masa ɗinkin Kirsimeti. Ya kawo gyaran wando ya tarar da ni dafe da ƙugu, na zayyana masa komai.

"Malam tela, wannan bayan naka ko buhun ƙaiƙayi ba zai ɗauka ba," in ji shi.

Da ƙugun ya lafa, sai ga shi da doguwar rodi da gwangwanayen fenti cike da siminti. Na sunkuya zan ɗauka daga ƙasa, ya riƙe ni.

"Haba, so kake mu yi jinyar mutum biyu? Gadon Baba ina ya kawo maka?"

Na ce gwiwa.

"To daga gwiwa za ka fara. A gidan motsa jiki akwai abin da ake ɗora ƙarfen a kai. Ku me kuke da shi?"

Ya waiga ya hangi turmin matata. Aka aro na maƙwabta, ya kife su, ya gitta rodin a kai.

Ana haka tsohuwar da ta ba da aron turmin ta leƙo. "A'a! Turmi a kife har biyu? Amare za a wanke ba a gaya mana ba?"

Matata ta ce, "Amarya ɗaya ce, Inna, ga ta can da gemu."

Ya koya mini tsayuwa: ƙarfe dab da ƙafa, baya a miƙe, ƙirji a buɗe, in tura ƙugu gaba in tashi, in matse kafaɗu baya, in sauke a hankali. Ya ce in na ji zafi mai suka in ajiye. Da rodi zalla na fara, sai daga baya yake ƙara mini gwangwani, kuma ba kullum ba, don a cewarsa nama a hutu yake fitowa. In lokacin daka ya yi, matata kan tsaya a kaina da taɓarya. "Malam, ko ƙarfe ko tuwo."

Baba yana kallona ta ƙofar ɗaki, ya rame, maganarsa ba ta fita sosai.

"Ƙarfen nan in ka ɗaga, ina kake kai shi?"

"Nan nake mayar da shi, Baba."

"Aikin banza."

Sannu a hankali rigata ta fara kama ni a kafaɗa, har na farke ɗinkin na ƙara mata faɗi. Matata ta ce bayana ya yi tudu biyu da kwari a tsakiya, kamar kunya a gona. Mai waldan nan ban san da me zan biya shi ba, addu'a dai ina yi masa har gobe.

Wata safiya ban kira kowa ba. Na sakaya ƙofa, na tsaya dab da gadon, na zura hannu ƙarƙashin Baba, na miƙe bayana, na tashi. Ya taso. Na kai shi, na yi masa wanka, na dawo da shi, ba wanda ya gani. Ina ɗaure masa mazagi yana kallon bango.

"Gobe ma kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai, in Allah ya yarda."

"To tambayo matarka, akwai sauran ɗumame?"