Hannun Surukina da Finjalin Gahawa

Finjalin gahawa ne ya hana surukina zuwa majalisar Alhamis, amma sai da aka yi wata huɗu kafin wani a gidan ya gano haka. Mu duk mun ɗora laifin a kan ƙafa, don a lokacin ya fara jan ta, takunsa ya koma gajere-gajere. Shi kuma bai musa mana ba. Da an yi la'asar ranar Alhamis sai ya ce yau jikin ba daɗi, ya juya ya fuskanci bango, alhali shekara talatin ke nan yana zuwa wata gonar dabino a Awali, can gefen Madina, inda shi da tsofaffin abokansa suke zama har magariba.

Ni karatu ne ya kawo ni Madina daga Kano. Na gama, na samu aikin koyarwa, na auri 'yarsa, muka zauna a saman gidansu a unguwar Jurf, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Shi kuwa Baba, haka nake kiransa, a ƙafa iyayensa suka zo da shi ta Sudan yana ɗan shekara goma sha biyu, ya girma a nan, ya ƙare ƙarfinsa a kan keken ɗinki. Hausarsa irin ta mutanen da ce, ga Larabci a barbaɗe cikinta. 'Ya'yansa maza biyu suna Jidda, in ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Surukuta kuwa mun riƙe ta yadda ake riƙe ta a gida. Ban taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi.

Matata ce ta ciro zancen daga bakin mahaifiyarta. A garin nan in ana zuba gahawa, ɗan kaɗan ake tsiyaya maka a gindin finjali, ka shanye, ka miƙa, a ƙara. Ba a cewa ya isa da baki. In ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza finjalin, mai zubawa ya karɓe ya wuce na gaba. To hannun Baba na dama ya fara karkarwa. Da ya shanye na farko ya riƙe finjalin yana jira, sai hannun ya kama rawa, mai zubawa ya karɓe cikin ladabi ya yi gaba. Mutumin da kowa ya sani da finjali uku, sai ga shi Alhamis uku a jere yana dawowa da guda ɗaya. Girmansa ya hana shi cewa a ƙara, kuma bai yarda abokansa su san hannunsa ya daina jin maganarsa ba, shi ya sa ya zauna a gida. Da na ji, dariya ce ta fara zo min, Allah ya yafe min. Daga baya haushi ya biyo, don ni mutum ne mai saurin hawa, na ce ashe duk majalisar nan ba mai ido.

Likita ya riga ya gaya mana ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, ba a warkewa, ana dai lallaɓa shi da ƙwayoyi. Baba yana sha in ya ga dama, in bai ga dama ba ya tura su ƙarƙashin matashi.

Ana haka sai mai gonar ya aiko da ɗanyen dabino, ya ce a gaya wa Baba an yi kewarsa. Wanda ya kawo saƙon wani Ba'indiye ne mutumin Kerala, mai furfura, shi ke ban ruwa da hawan dabino a gonar. Ya ajiye kwalin, ya tsaya yana kallon hannun Baba har na fara jin zafin abin. Sai ya nemi izini ya kama hannun, ya ɗora yatsu uku a kan jijiya, yana jin bugunta. Da Larabcinsa na ma'aikata, wanda ba nahawu ba sarfu, ya ce mahaifinsa mai magani ne irin na gargajiyarsu da suke kira Ayurbeda, shi bai gaje shi ba, amma ya taso yana dafa masa mai yana riƙe masa tsofaffi masu irin wannan ciwon.

Ni dama Allah ya yi ni da tambaya, malamaina ma sun sha fama. Na tsare bawan Allahn nan a bakin ƙofa har shayi ya huce. Ya ce a wajensu in mutum ya tsufa iska ce ke rinjaye a jikinsa. Na ce wace iskar, don mu in an ce iska ta taɓa mutum wani zance ne daban. Ya ce ba ruwan aljani, bushewa ce da sanyi da motsin da ba shi da linzami, maganinsu kuwa ɗumi da maiƙo da yin komai a kan lokacinsa. Na ce haba, wane irin sanyi a Madina, garin da rana ke ƙona tafin ƙafa? Sai ya nuna min mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin da ke hura Baba dare da rana, ya nuna gorar ruwan ƙanƙara da ke gefen katifa, ya nuna busasshen burodin da aka bari a faranti. Na sallama, don gani ya kori ji.

Ranar Juma'a ya dawo da kwalbar man riɗi da ya dafa da wasu saiwoyi. Ya ɗumama shi a cikin ruwan zafi, ya nuna yadda ake yi: dogon ja a kan dantse da ƙwauri, zagaye a kan gaɓoɓi, yatsu ɗaya bayan ɗaya, a bar man ya zauna, sannan a yi wanka da ruwan ɗumi. Ya ce kullum da safe, ba fashi. Abinci ya zama mai ɗumi da ɗan man shanu, kuma ƙwayar likita a sha ta a sa'arta kamar salla. A nan gizo ke saƙar, don shi Ba'indiyen Juma'a kawai yake samun fita. Surukata hannunta ya riga ya ƙage da sanyin ƙashi, Baba kuma ya rantse 'yarsa ba za ta murza shi ba. Aka waiga aka ga ba kowa sai ni. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Baba, idonsa a kan silin, ya ce, “Tayyib, Malam. Hannu da ƙafa kawai.”

Haka muka fara. Ya kau da kai gabas, na kau da nawa yamma, muka kunna rediyo don kada shirun ya kashe mu.

Wata Juma'ar Ba'indiyen ya kwance wani ƙulli, sai ga wasu baƙaƙen 'ya'ya masu sheƙi kamar manyan wake. Ya ce su ne babban maganin karkarwa a wajensu, ana niƙawa a dafa da madara. Baba ya ɗauki guda ya juya ta, ya tambayi yadda kwanson yake. Da aka ce masa mai gashi ne, in ya taɓa fata mutum ya yi ta susa har ya fita hayyacinsa, sai ya fashe da dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwon. Ashe karara ce. Ya ce a ƙauyensu ita suke zuba wa juna a riga, ya taɓa shan dukan tsiya a kanta, yau kuma ita aka ɗauko masa daga Indiya a ƙulli kamar zinare. Ni abin ya ɗaure min kai ƙwarai. Ta yaya mutanen can suka gano magani a cikin abin da mu muke gudu? Wa ya fara ƙarfin halin ɓare kwanson? Na tambaya, Ba'indiyen ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma a haka ya tarar.

Shi da kansa ya ce kada a ba Baba sai likita ya gani. Na kai, likita ya duba, ya ce abin da ke cikinta dangin abin da ke cikin ƙwayar ne, amma ba wanda ya auna ƙarfinta, haɗa su ganganci ne. Mai da ɗumi kuwa ya ce mu ci gaba, mu ƙara da tafiyar safe. Baba ya zuba 'ya'yan kararar a gwangwanin allurarsa, in baƙo ya zo ya fito da su ya ba da labari.

Wata uku ina murza hannun nan, har na san shi fiye da nawa. Na lura karkarwar daga babban yatsa take tashi, yana gogar manuni kamar mai jan carbi, wuyan hannun kuwa a sandare yake. In ya miƙa zai ɗauki abu sai ta lafa, in ya tsaya jira ta dawo. Ban san ko man ne ya yi aiki ba, ko ƙwayar da yanzu ake sha a kan lokaci, ko baccin da ya gyaru. Ciwon dai yana nan, amma Baba ya samu 'yan sa'o'i bayan la'asar da hannun ke kwantawa. Wata Talata, ina goge masa mai, ya ce jibi zai je Awali, in kai shi.

Murna ta kama ni, tsoro ya biyo bayanta. Na ce in aka sake karɓe masa finjali, shi ke nan, ya shiga ɗaki ke nan har abada. Ban yi shawara da kowa ba, ranar Laraba na ja tsohuwar motata sai gonar. Na samu babban ɗan mai gonar, magidanci ne ya kai arba'in, shi ke zuba gahawa. Na wanke shi tas, na ce shekara nawa yana zuba wa dattijon nan bai lura ciwo ne ba. Na ce gobe ko hannun ya yi rawa yaya, kada ya kuskura ya karɓi finjalin. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri. Na dawo ina jin kaina gwani, ban san gyaran gangar Auzinawa na yi ba.

Ranar Alhamis Baba ya sha farar jallabiya, aka tarbe shi da sumbatar goshi, aka zaunar da shi a inda ya saba, ƙarƙashin rumfar ganyen dabino. Ni na rakuɓe can baya. Aka zuba masa na farko ya sha, na biyu, na uku, hannun a kwance lafiya lau. Sai ya ɗaga finjalin ya girgiza shi daga wuyan hannu, sau biyu, tsaf, yana murmushi. Mai zubawa ya mayar masa da murmushin, ya tsiyaya na huɗu. Baba ya kalle shi, ya shanye, ya sake girgizawa. Aka zuba na biyar. Abokansa kowa ya sami abin kallo a ƙasa, ta haka ya gane duk sun sani. Ya ce da baki, a hankali, ya isa haka, abin da bai taɓa yi ba a wannan majalisar.

Muka shiga mota, muka bar gonakin. Ya tambayi wanda ya gaya musu, na ce ni ne. Na fara kawo dalilaina, ya ɗaga min hannu.

“Wata bakwai hannun nan yana rawar da ban sa shi ba,” ya ce. “Yau sau ɗaya na girgiza shi da kaina, Malam, ba wanda ya yarda ni ne.”

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Washegari na sauko da kwalbar mai ina jiran kora, sai ya miƙo hannun. Haka muka ƙare makon, rediyo kaɗai ke magana, ni kuwa kullum ina lissafin ko na rufe masa ƙofar Awali da hannuna.

Da Alhamis ta zagayo, bayan la'asar na leƙa, na same shi zaune a bakin katifa da jallabiyarsa, sandarsa a hannu. Bai kalle ni ba, ya ce mu tafi, yamma na yi.

Muna isa na roƙi mai gonar ya bar ni in zuba gahawar yau, tunda ni ne ƙarami a wurin. Na kama dalla, wato butar gahawa, da hagu, finjalai a dama, na bi layi har na zo gaban surukina. Ranar hannun bai kwanta kamar wancan makon ba. Ya shanye na farko ya riƙe finjalin, babban yatsan ya fara jan carbinsa, finjalin na rawa. Na zuba. Ya shanye na biyu, yatsan ya sake, na sake zubawa. Ya sha na uku a hankali, ya ɗaga, sai na ga wuyan hannun ya juya, sau biyu. Na sa hannu na karɓe finjalin na wuce na gaba.

Sai da na gama zagaye zan koma bayan rumfa na ji muryarsa. Ya matsa ya buɗe min wuri a gefensa a kan tabarma, ya ce wa ɗan mai gonar ya karɓi dallar nan ya zuba wa Malam. Na tsuguna ina cewa ai na ƙoshi, ya ce ba a cewa da baki. Na karɓa na sha a gabansa, har uku, sannan na girgiza finjalin.